Ɗan fayil ɗin da ya tsayar mana da shiri: tarihin yadda ake harhaɗa manhaja

Yau ma tarihi za mu taɓa, amma na wani abu da ke cikin aljihun kusan kowa. Ku ɗan yi haƙuri da mu, maganar tana da tsawo, kuma ƙarshenta ya shafi wayar da kuke riƙe da ita yanzu haka.

Duk wanda ya yi aikin rediyo kafin 2019 ya san wani ɗan fayil mai suna lame_enc.dll, ko da bai san mi yake yi ba. Mu dai mun san shi a ranar da ba mu shirya ba. Mun je bakin tafki mun ɗauko hira da masunta. Ordinatar ɗin da muke aiki da ita an yi mata formataj kwana biyu kafin nan, muka sake sa mata Audacity daga kile, muka zauna muka yi montaj har shiri ya tsaya daidai minti 30. Da muka zo fitar da shi a MP3, sai manhajar ta buɗe wani ɗan akwati tana tambayar inda lame_enc.dll yake. Laifin namu ne, mun kwafo manhaja mun manta da abokin tafiyarta. Rezo a ranar ko saƙo da ƙyar yake turawa. In muka bar sautin a WAV, kowane minti yana cin kusan mega 10, shirin ya tashi mega 300 ke nan, alhali a MP3 bai wuce mega 30 ba. Ƙarshenta sai da wani ƙanenmu ya hau kabu-kabu ya tafi Maraɗi, ya shiga sibar, ya ɗauko mana fayil ɗin da bai fi girman hoton waya ɗaya ba.

Tun ranar tambayar ta tsaya mana a rai: don mi manhaja sukutum za ta tsaya cak saboda rashin ɗan abu ɗaya? Amsar ta kai mu har shekarar 1949.

Yadda ake gina manhaja

Bari mu fara da shimfiɗa, don wanda bai taɓa zama ajin informatik ba ya bi mu. Mai rubuta manhaja yana rubutu ne da wani harshe da ɗan Adam zai iya karantawa, misali harshen C. Wannan shi ne rubutun tushe. Na'ura ba ta jin sa, ita lambobi kawai ta sani. Don haka akwai wata manhaja da ke fassara rubutun zuwa harshen na'ura. A lakwal kompilatar ake ce mata, mu a nan za mu kira ta tafinta.

Babbar manhaja ba a fayil ɗaya ake rubuta ta ba, takan kai fayil ɗari ko dubu. Tafinta yana ɗaukar kowane ɗaya shi kaɗai, ya fassara, ya fitar da wani gutsure da sunansa ke ƙarewa da .o a Linux, ko .obj a Windows. Waɗanda suka yi karatu da Faransanci na ce masa fishiye obje. Gutsuren nan ya riga ya zama harshen na'ura, amma ba ya tashi shi kaɗai. Yana ɗauke da jeri biyu na sunaye: ayyukan da shi ya iya yi, da ayyukan da yake bukata wani ya yi masa. Duk inda ya kira aikin da ba nasa ba, tafinta kan bar gurbi babu komai, ya rubuta sunan a gefe.

Abokan aikinmu na rediyo sun riga sun gane, domin haka montaj yake. Ka ɗauki muryarka daban, hirar masunta daban, taken shiri kuma an daɗe da ɗaukarsa yana ajiye. A takardarka ka rubuta cewa a nan taken zai shiga, a can talla. Sai teknisiyan ya zo ya nemo kowane abu da sunansa, ya jera, ya cike gurabe. A duniyar manhaja wannan teknisiyan shi ne mahaɗi, wanda Faransawa ke kira editar de liyan. Aikinsa biyu ne. Na farko, ya haɗa kowane suna da mai shi. Na biyu, ya gyara adireshi. Kowane gutsure an fassara shi ne kamar shi zai fara daga sifiri, to da zarar an sa wani a gabansa, dole duk lambobinsa su matsa. Maganar da ke daƙiƙa 40 a cikin hira, in ka sa take na minti 2 a gabanta, ta koma minti 2 da daƙiƙa 40.

Gutsattsarin da ake yawan bukata, kamar na lissafi ko na buga rubutu a allo, akan ɗaure su wuri ɗaya cikin fayil guda. Shi ne bibliyotek, mu ce taska. Hanyar amfani da taska biyu ce. Ko dai mahaɗi ya kwafo abin da ake bukata ya zuba shi cikin manhajar tun wurin gini, ta tafi da abinta duk inda za ta, wannan mu kira shi haɗin guzuri, taskokinsa na ƙarewa da .a ko .lib. Ko kuma a bar sunan kawai, sai manhaja ta tashi aiki ta nemi taskar a cikin na'urar da ta sauka, wannan mu ce haɗin aro, taskokinsa na ƙarewa da .dll ko .so. Namu lame_enc.dll kayan aro ne. Kuma Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Kabad ɗin Kambirij

A ranar 6 ga watan Mayu 1949, shekara 11 kafin Nijar ta samu ƴancin kai, wata na'ura mai suna EDSAC ta yi lissafinta na farko a jami'ar Kambirij ta Ingila, ƙarƙashin jagorancin Maurice Wilkes. Girmanta ya cika ɗaki. Ana ba ta umurni ne da wani dogon zaren takarda mai huji-huji. Ba a daɗe ba masu aiki da ita suka lura kowa na sake rubuta abu ɗaya: yadda za a karanta lamba, yadda za a buga amsa, yadda za a cire tushen lamba. Kowa kuma na sake yin kuskure iri ɗaya.

Sai suka yanke shawarar a rubuta kowane ƙaramin aiki sau ɗaya, a gwada shi da kyau, a huda shi a zare, a ajiye cikin wani kabad na ƙarfe. Wanga kabad shi suke kira laburarensu, sunan da ya bi abin har yau. Mai bukata sai ya buɗe aljihun kabad, ya ɗauko zaren da yake so, a sa a injin kwafi a haɗa shi da nasa su zama zare ɗaya. Haɗin guzuri ke nan, da hannu. Matsalar adireshi kuwa wani ɗalibi ne matashi, David Wheeler, ya warware ta. Ya rubuta ƴan umurnin farko da na'urar ke tashi da su, waɗanda ke gyara lambobin kowane gutsure daidai da gurbin da ya faɗa. Zuwa 1951 kabad ɗin na ɗauke da ƙananan ayyuka 87. A shekarar ce Wilkes da Wheeler da Stanley Gill suka fitar da littafin da ake ɗauka a matsayin na farko kan rubuta manhaja, kuma babban kasonsa bayanin waɗannan ayyuka ne.

A Amurka kuma wata mace ce ta ɗauke aikin daga hannun mutum ta ba na'ura. Grace Hopper, malamar lissafi kuma hafsan sojan ruwa, tana aiki a kan na'urar UNIVAC I. Tsakanin 1951 da 1952 ta rubuta manhajar A-0. Ta tara ƙananan ayyuka a kan zaren maganaɗisu, ta ba kowane lamba. Mai rubutu ya jera lambobin da yake so, A-0 ta je ta kwaso su, ta jera, ta gyara adireshi. Ita kompilatar ta kira abin, amma masana na yau sun yarda aikin da yake yi ya fi kama da na mahaɗi.

Mataki na gaba ya zo daga kamfanin IBM. A 1957 John Backus da abokan aikinsa suka fitar da harshen FORTRAN. A farkonsa, in ka canza layi ɗaya sai an sake fassara komai daga farko, a zamanin da ake biyan kuɗi mai yawa kan kowace awa ta na'ura, kuma na'urar kan iya lalacewa kafin ta gama. FORTRAN II na 1958 ya ba da damar a fassara kowane sashe daban, a ajiye shi a kan kati masu huji, a haɗa daga baya. Daga nan gutsure fassararre ya zama kaya da za ka iya miƙa wa wani ba tare da ka ba shi rubutun tushe ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Dokar da ta rage daga zamanin ƙunci

A 1969, a ɗakin binciken Bell Labs, Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara tsarin Unix. Littafin jagoransa na farko, na watan Nuwamba 1971, ya riga ya ƙunshi wasu ƙananan manhajoji biyu: ld, wato mahaɗi, da ar, mai ɗaure fayiloli cikin taska. Sama da shekara 50 ke nan, kuma ɗalibin da ya buɗe Linux yau a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, in ya buga waɗannan sunaye biyu zai same su. Na'urar PDP-11 da suka fara aiki da ita kilobait 24 kawai ke cikin ƙwaƙwalwarta. Hoto ɗaya na wayarku ya ninka haka sau da yawa.

Ɗabi'ar wancan zamani na tattali ta bar wata doka da ke sa ƙannenmu ɗalibai kwana ba barci. Mahaɗin Linux yana bin fayiloli ne daga hagu zuwa dama. In ya iso kan taskar guzuri, yana duba jerin sunayen da ake nema zuwa wannan lokacin, ya ciro gutsattsarin da ke amsa su kawai, ya wuce, ba ya waiwaye. To a ce kana da shiri.o da ke bukatar wani aiki daga libsauti.a. In ka rubuta gcc shiri.o libsauti.a komai zai tafi daidai. In ka juya su, taska ta zo a gaba, mahaɗi zai buɗe ta a lokacin da ba wanda ya nemi komai, ya rufe, sannan ya iso kan shiri.o ya tarar da sunan da ba mai shi. Nan ne saƙon nan ke fitowa, wanda a na'ura mai Faransanci ake rubuta shi référence indéfinie. Yaro ya duba rubutunsa sau goma bai ga kuskure ba, domin babu kuskure a rubutun. Mai bukata ne ya kamata ya zo kafin mai bayarwa.

Akwai wasu dalilai da ke hana haɗi. Gutsuren da aka fassara don ƙwaƙwalwar Intel ba ya haɗuwa da na ARM, irin wadda ke cikin wayoyi. Na bit 32 ba ya haɗuwa da na bit 64. Tafintan C++ yana ƙara wa sunaye wasu alamomi, shi ya sa in ba a gaya masa taskar ta C ce ba, zai nemi sunan da babu shi. Wani lokaci kuma gutsattsari biyu ne ke da'awar suna ɗaya, mahaɗi ya ƙi zaɓa. Duk wanda aka ba fayil .o ko .a babu rubutun tushe, to ya fara tambayar na wace ƙwaƙwalwa ne, da wane tafinta aka yi shi.

Da aro ya shigo

Guzuri yana da nauyi. In manhaja ɗari ke cikin na'ura, kowace ta ɗauki kwafin aiki iri ɗaya, an cinye faifai da ƙwaƙwalwa a banza. Tun a shekarun 1960 tsarin Multics, wanda jami'ar MIT da General Electric da Bell Labs suka yi tarayya a kai, ya gwada barin haɗin sai lokacin aiki. Windows ya fito da haɗin aro tun sigarsa ta farko a 1985. Kamfanin Sun ya kawo taskokin tarayya cikin SunOS 4.0 a 1988, sauran gidajen Unix suka bi. Ribar a bayyane take: taska ɗaya ta wadatar da kowa, kuma in an gyara ta sau ɗaya, duk masu aro sun samu gyaran.

Hasararsa kuwa mu mutanen yankin Maraɗi ba sai an yi mana dogon bayani ba. Kuran ɗinmu ta layin Katsina yake zuwa. Lokacin da Najeriya ta yanke wuta a watan Agusta 2023, kafin a ɗage takunkumi a watan Maris 2024, mai ƙaramin fano na sola a kan rufinsa ya ci gaba da cajin waya, mai dogaro da layi ya zauna jira. Haka manhajar aro take. In taskar ba ta nan, ko wata manhaja ta zo ta sauya ta da sigar da ba ta dace ba, sai ta ƙi tashi. A shekarun 1990 wannan matsala ta addabi masu Windows har suka yi mata laƙabi da jahannamar DLL. Shi ya sa wasu sabbin harsuna, irin Go da kamfanin Google ya fitar a 2009, suka koma kan guzuri: fayil ɗaya, ka sa a kile, ka kai ko'ina ya yi aiki.

To don mi Audacity ba ta ɗauki guzurinta ba?

Nan ba maganar fasaha ba ce, doka ce. Cibiyar Fraunhofer ta Jamus ce kan gaba wajen ƙirƙiro MP3, an tabbatar da ƙa'idarsa a farkon shekarun 1990, aka raɗa masa sunan .mp3 a 1995. A lokacin fasahar na da takardun haƙƙin ƙirƙira, kuma kamfanin Thomson na Faransa, wanda ya koma Technicolor daga baya, shi ke karɓar kuɗin izini. Duk mai raba manhajar da ke fitar da MP3 ana sa ran ya biya. A 1998 wasu masu sa kai suka fara rubuta taskar LAME, suna raba rubutun tushenta kyauta. Audacity kuma, wadda Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg suka fara a jami'ar Carnegie Mellon, ta fito a 2000, ita ma kyauta. Mutanen da ba su karɓar ko dala ba za su iya biyan izini kan miliyoyin kwafi ba. Sai suka bar gurbi a cikin manhajar, suka ce wa kowa ya nemo taskar da kansa. Wannan gurbi ne ya tura ƙanenmu Maraɗi.

A ranar 23 ga watan Afrilu 2017 aka rufe tsarin izinin MP3, bayan wa'adin takardun ya ƙare. A watan Mayu 2019 Audacity 2.3.2 ta fito da LAME a cikinta. Yaran da suka shigo aiki bayan nan ba su ma san an taɓa yin wannan wahala ba.

Doka ta taɓa haɗi ta wani gefen ma. Richard Stallman ya sanar da aikin GNU a 1983, tafintansu GCC ya fito a 1987, kuma a 1991 suka fitar da lasisin LGPL musamman don taskoki. Sharaɗinsa shi ne kana iya amfani da taskar ko a manhajar sayarwa, amma dole mai amfani ya samu hanyar sauya taskar da sabuwa. In haɗin guzuri ka yi, to ka ba shi gutsattsarin manhajarka don ya iya sake haɗi da kansa. LAME na ƙarƙashin wannan lasisi. Haka ma mafi yawan FFmpeg, wanda Bafaranshe Fabrice Bellard ya fara a 2000. VLC, mai alamar mazubin nan na kan hanya, ɗaliban makarantar Centrale ta Paris ne suka faro ta, aka sake ta ga kowa a 2001. Dalilin da ya sa take buɗe kusan duk bidiyon da aka turo maka shi ne tana tafe da taskokinta, har da na FFmpeg, a cikin jakarta.

Guzuri ma yana lalacewa

Kar a ɗauka guzuri ya fi ta kowace fuska. A 1995 Jean-loup Gailly da Mark Adler suka fitar da zlib, ƙaramar taskar matse bayanai. Tana da kyau, kyauta ce, kowa ya kwafe ta ya zuba cikin manhajarsa. A watan Maris 2002 aka gano wata ɓaraka a cikinta. Gyaran bai ɗauki lokaci ba, sigar 1.1.4 ta toshe shi. Masu aro sun sauya fayil ɗaya sun huta. Masu guzuri kuwa sai da aka bi manhaja ɗaya bayan ɗaya ana binciken wadda ke ɗauke da tsohon kwafi, domin wasu masu manhajar sun ma manta tana cikin kayansu.

Abin ya maimaita a watan Satumba 2023 da libwebp, taskar buɗe wani nau'in hoto. Apple da cibiyar Citizen Lab ta jami'ar Toronto suka kai rahoton wata ɓaraka da hoto kawai zai iya bi ta cikinta a shiga na'urar mutum. Chrome, Firefox da ɗimbin wasu manhajoji kowace na da nata kwafi, dole kowace ta fitar da nata gyara. Wanda bai sabunta ba, ƙofarsa na nan a buɗe.

Mafi tayar da hankali shi ne na ranar 29 ga watan Maris 2024. Wani injiniya Bajamushe mai aiki a Microsoft, Andres Freund, ya lura shiga wata na'urarsa ta Linux na ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba. Ya bi diddigi har ya kai ga xz, wata taskar matse bayanai da mutum ɗaya, Lasse Collin, ya daɗe yana kula da ita a matsayin sa kai. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe sama da shekara biyu yana taimaka masa har ya samu amana. Daga nan ya ɓoye wani gutsure fassararre a cikin fayilolin gwaji, ya shirya yadda a lokacin gini za a ciro shi a haɗa da taskar ba tare da kowa ya lura ba. Wanda ya karanta rubutun tushe ba zai ga komai ba, tunda mugun abin ya riga ya zama harshen na'ura. Sigogi biyu, 5.6.0 da 5.6.1, sun fita da shi, aka kama kafin ya bazu cikin manyan na'urorin duniya. Ken Thompson ya yi wannan gargaɗi tun a jawabinsa na karɓar kyautar Turing da aka buga a 1984, inda ya nuna cewa har tafinta ana iya sa shi ya ɓoye abu. Mahaɗi ba ya tambayar halin gutsure, suna kawai yake dubawa.

Mi ya shafe mu a Madarunfa?

Kowace aplikasiyo ta Android fayil ce mai ƙarewa da .apk, kuma da yawansu na da wani sashe mai suna lib da ke ɗauke da taskokin da aka riga aka fassara, na wayoyi masu bit 32 daban, na masu bit 64 daban. Tun watan Agusta 2021 Google ya wajabta wa sabbin manhajoji wani tsari da Play Store ke ba kowace waya kason da ya dace da ita kawai. Wannan na cikin dalilan da abokinka zai turo maka manhaja ta Xender ta ƙi hawa: ko kason wayarsa ne ba na taka ba, ko wani ɓangare ya rage a baya.

Wadda ta hau ɗin ma akwai magana. Mun san halinmu, forfe na da tsada, rezo na wahala, don haka manhaja kan bi hannu goma kafin ta iso ƙauye, kuma ba a taɓa yi mata mizajur. Tana tafe da guzurin shekarar da aka gina ta, da duk ɓarakar da aka gano bayan nan. Ga kuma irin su GB WhatsApp, waɗanda wani da ba mu sani ba ya buɗe ta asali, ya ƙara nasa, ya sake rufewa. Ba mai iya gaya maka abin da aka haɗa a ciki. A wannan wayar ce kuma kuɗin da ɗanka ya turo daga Legas ko Agadez ke sauka, nan lambobin sirrinka suke, nan hotunan iyalinka suke. Shawararmu ita ce duk ranar da kuka shiga Maraɗi ko kuka samu rezo mai kyau, ku ware ɗan forfe ku sabunta wayar da manhajojin da ke taɓa kuɗi da saƙo, kuma waɗannan ku ɗauke su daga Play Store, ba daga wayar aboki ba. Rigakafi ya fi magani.

Ga shugabannin ƙungiyoyin manoma, makarantu, wuraren shan magani da ofisoshin gari da ke ba matasa kwangilar rubuta musu manhajar lissafi ko rajista, kar ku karɓi fayil ɗin da ke tashi kawai ku sa hannu. Ku rubuta a yarjejeniya cewa za a ba ku rubutun tushe, da jerin taskokin da aka yi amfani da su, da sigar kowace. Yaron da ya rubuta na iya samun aiki a Yamai gobe. In an canza ordinatar, ko aka gano ɓaraka a wata taska, wanda ya zo bayansa ba zai iya gyara abin da aka riga aka fassara aka kulle ba, sai dai a sake biyan kuɗi a faro daga sifiri.

Ku kuma ƙannenmu masu koyon wanga aiki, don Allah kar saƙon mahaɗi ya karya muku gwiwa. Ku karanta sunan da ya ce bai gani ba, ku sa umurnin nm ya nuna muku sunayen da ke cikin taskar, ku duba jeri, ku duba ƙwaƙwalwar da aka fassara wa. In manhajar ƙauye za ta je inda ba intanet, guzuri zai fi muku sauƙi, da sharaɗin ku rubuta abin da kuka zuba a ciki, ku koma ku sake gini in an gyara taskar. In wani ya ba ku .o ko .a ya ce ku haɗa kawai, ku tambaye shi rubutun tushe. In ya hana, ku san cewa amanarsa kuka ɗauka kuka ɗora wa duk wanda zai yi amfani da aikinku.

Tsohon kilen nan yana nan a aljihun teburinmu, da lame_enc.dll ɗinsa a ciki. Ba mu ƙara bukatarsa ba tun 2019, amma mun kasa gogewa. Hirar masuntan kuwa ta fita washegari, ba a ranar da muka yi musu alkawari ba, kuma har yau in mun haɗu da su a bakin tafki sai sun tuna mana.

Allah ya tsare mana dukiyoyinmu da sirrinmu, ya ba yaranmu ilimi mai amfani. Sai mun haɗu a shiri na gaba.